Daga Tabarma Zuwa Katifa: Yadda Muka Yi da Fitsarin Kwance

Duk wanda ya girma a nan Sabo ya san yadda safiya take a gidajenmu: tabarmi a shanye kan katanga, ga wani yaro a gefe ya sunkuyar da kai, 'yan uwa na yi masa dariya. Da yawanmu mun yi dariyar, wasunmu kuma mu aka yi wa. Yau muna so mu waiwayi tarihin wannan abu da ba a cika maganarsa ba sai da tsokana.

An kafa unguwarmu a Ibadan a 1916, lokacin da kasuwancin goro da shanu ke jawo mutanenmu daga Arewa. Gidan maigida guda yakan ɗauki iyalinsa, da yaransa, da fataken da suka sauka. Tsofaffinmu sun ce yara biyar ko shida ke kwana a tabarma ɗaya, masai kuma ɗaya ne tal, can ƙarshen gida, ga duhu. To, yaron da ya jiƙa shimfiɗa ba shi kaɗai ya jiƙa ba, kuma kafin hantsi kowa ya ji labari.

Maganin wancan zamani kunya ce da tsoro. A ɗora wa yaro tabarmarsa a ka, yara su bi shi da waƙa suna kiransa amalala. Wani a yi masa barazanar ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, wani kuma bulala. Maƙwabtanmu Yarbawa ma suna da nasu sunan tsokanar, atole. Iyayen ba mugunta suka nufa ba. Sun ɗauka lalaci ne, kuma ai an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba mu kaɗai muka yi fama ba. A wata tsohuwar takardar likitanci ta Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai haɗin maganin fitsarin kwance. A Ingila, littafin cututtukan yara na Thomas Phaer, wanda ya fito a 1544, ya ware wa matsalar babi guda. A ƙarni na 19 kuwa, wasu likitocin Turai har ɗaure gaban yaro suke yi, ko su ƙona shi da magani mai cin fata. Kun ga ke nan, kwaɗonmu da sauƙi.

Sauyi ya fara ne a farkon ƙarni na 20. Wani likitan yara, Pfaundler, ya haɗa ƙararrawa da shimfiɗa don ta sanar da masu jinya idan yaro ya jiƙe. Sai aka lura yaran da kansu sun fara dainawa. A 1938 wasu mata da miji a Amurka, su Mowrer, suka mai da wannan dabara hanyar koyar da yaro farkawa idan mafitsara ta cika, kuma har yau ana amfani da ita. Bayan 1980, masu bincike a garin Aarhus na Denmark suka gano cewa jiki yana ƙara fitar da wani sinadari da dare wanda ke sa ƙoda ta rage yin fitsari, amma a jikin wasu yara wannan ƙarin ba ya samuwa yadda ya kamata. Ga fitsari da yawa, ga barcin da ba ya jin kira. Ina laifin yaro a nan?

Akwai kuma lissafin da ya tona asirin duk tsofaffin magunguna. Yara kusan 15 cikin 100 suna fitsarin kwance a shekara biyar, kuma kowace shekara kusan 15 cikin 100 na masu yi suna dainawa da kansu, ba tare da an yi musu komai ba. Shi ya sa kowane magani ya yi suna. Yaro ya girma ya daina, sai a ce ai kwaɗon ne, ko bulalar ce ta yi aiki. Sannan abin gado ne. Idan uwa da uba duka sun yi a yarinta, kusan uku cikin huɗu na 'ya'yansu za su yi. Idan ɗaya ne, sama da huɗu cikin goma. Laifi tudu ne. Kafin Baba ya ɗauki dorina, ya fara tambayar Hajiya Kaka shi a shekara nawa ya daina.

Mu dawo gida. Abin da ya fi sauyawa a wurinmu ba ilimi ba ne, shimfiɗa ce. Tabarma a ɗauraye ta, kafin azahar ta bushe. Amma da katifar soso ta shigo gidajenmu, bayan kamfanoni irin su Vitafoam, wanda aka kafa a Ikeja a 1962, sun yawaita ta, sai fitsarin dare ɗaya ya zama asarar kuɗi da zarnin da ba ya fita. Faɗa ya ƙaru. Daga baya famfas ya maye gurbin ƙunzugu, ya hutar da uwa wanki, amma ya zo da nasa tsadar. Tsokanar kuwa tana nan, ta bi yaranmu har makarantar kwana da tsangaya, inda wani ke ƙin barci don kada a kama shi.

Abin da ya fi damun mu shi ne yaran da duka ke rufe wa ciwo. Mai sikila ƙodarsa ba ta iya rage ruwan fitsari kamar ta sauran yara, don haka fitsarin kwance ya fi yawa a cikinsu, kuma hana su ruwa haɗari ne. Ciwon suga, da ciwon mafitsara, da taurin bayan gida, duk suna iya kawo shi. Yaron da ya daɗe da dainawa sannan ya koma, ko mai yawan ƙishirwa, ko mai jin zafi wajen fitsari, asibiti ya kamata a kai shi. Ga asibitin koyarwa na UCH nan kusa da mu tun 1957.

Sauran kuwa, likitoci ba sa ma lissafa abin a matsayin matsala kafin shekara biyar. A bar yaro ya sha ruwa sosai da rana, a rage shayi da lemon kwalba da dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a ajiye masa fo da fitila kusa, a shimfiɗa leda kan katifa. In ya tashi a bushe, a yaba masa. In ya jiƙa, a taya shi gyarawa, kuma maganar ta tsaya a ɗaki.

Kakanninmu sun yi da abin da suka sani, Allah Ya jiƙan su. Mu da muka samu ƙarin sani, ba mu da hujjar sake ɗora wa wani yaro tabarma a ka.