Tarihin Binciken Yaɗuwar Sankarar Mama Zuwa Ƙwaƙwalwa

Sankarar mama, wadda aka fi sani da daji, kan bi jini ta bar nono ta je ta kafu a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Dalilin da ya sa take zaɓen inda za ta sauka ya fi shekara ɗari yana ci wa masana tuwo a ƙwarya.

A 1889 Stephen Paget, likitan tiyata a Ingila, ya duba bayanan mata 735 da cutar ta kashe. Ya ce ƙwayar daji iri ce, gaɓar jiki kuwa ƙasa. Manomi ba zai ji baƙon abu a nan ba, tunda gero jigawa yake so, shinkafa sai fadama. James Ewing na Amurka ya musa a 1928, ya ce magudanar jini ce kawai ke kai ta. Sai a 1980 gwajin Isaiah Fidler a kan ɓeraye ya gaskata Paget.

Ƙwaƙwalwa tana da katanga a jijiyoyin jininta da ke tare abubuwa da yawa, har da magani. Bayan Dennis Slamon ya nuna haɗarin HER2, furotin da ke sa dajin saurin girma, a 1987, an amince da maganin Herceptin mai yaƙarsa a 1998. Ya ƙara wa mata kwana, amma girman ƙwayarsa ya hana shi tsallake katangar sosai. Sai cutar ta lafa a jiki, ta ɓullo a kai: ciwon kai da asuba, amai, farfaɗiya, mutuwar ɓarin jiki. A ƙauyukanmu irin wannan kan fara kaiwa ga mai ruƙiyya kafin asibiti.

A 2009 ɗakin binciken Joan Massagué a New York ya gano ƙwayoyin gado uku, COX2, HBEGF da ST6GALNAC5, masu taimaka wa ƙwayar dajin haure katangar. Abin da ya biyo baya ya fi ban tsoro. A 2016 aka ga tana haɗa ƙofa da ƙwayoyin da ke renon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, su koma yi mata hidima. A 2019 kuma aka ga tana raɓe a mahaɗar jijiyoyin tana shan sinadarin da suke aika saƙo da shi.

Tucatinib, mai ƙaramar ƙwaya da ke shiga ƙwaƙwalwa, ya samu amincewa a 2020. Masu HER2 kaɗai yake yi wa aiki. Binciken Olufunmilayo Olopade kuwa ya nuna nau'in da ba shi da HER2 kuma ba ya jin maganin homon ya yawaita tsakanin matan Afirka ta Yamma.