Daga Garki Zuwa Gusau: Tarihin Takardar Gwajin Jini

A yau idan maganar aure ta taso a Tudun Wadar Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, da wuya a kai ga sa rana ba a ji wani cikin dangi ya ce, "To, an yi gwaji kuwa?" Takarda ce 'yar ƙarama, haruffa biyu kawai ake nema a jikinta: AA, ko AS, ko SS. Amma haruffan nan sun ɗaura aure, sun kuma sa an mayar da kayan lefe. Kakanninmu ba su san takardar ba, ciwon suka sani.

Sun san yaron da ke kwana yana kuka idan hunturu ya shigo ko damina ta kankama, hannuwa da ƙafafu su kumbura, idanu su yi ruwan ɗorawa. Suka kira abin amosanin jini. Sun san mace mai wabi, wadda 'ya'yanta ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya, har a raɗa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe, wai a nuna ba a damu da shi ba ko ya tsaya. Ba za a ce duk wabi sikila ce ba, domin ƙyanda da gudawa da zazzaɓin cizon sauro sun ɗebi nasu kason. Sai dai akwai gidajen da wannan ciwon na gado ne ya yi ta yi musu ɗauki ɗai-ɗai, aka ɗora laifin a kan mayu da iskoki.

A 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya wallafa bayanin jinin wani ɗalibi baƙar fata ɗan tsibirin Girenada. Jajayen ƙwayoyin jininsa, maimakon su kasance zagayayyu, sun lanƙwashe kamar lauje. Sunan sikila ma daga kalmar Turanci mai ma'anar lauje ya samo asali. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, kuma ana iya rarrabe shi ta hanyar ratsa jinin da lantarki. Jikan wannan gwajin ne ake yi a ɗakunan gwaje-gwajenmu har gobe. A 1954 kuma Anthony Allison, bayan bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon, wato AS, ya fi sauran yara tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro.

A ƙasar Hausa aka samu ɗaya daga cikin manyan hujjojin wannan magana. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. An riƙa bin mutanen ƙauyukan ana ɗibar jininsu shekara da shekaru. Alan Fleming, masanin jini da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokansa suka wallafa sakamakon a 1979. Cikin jarirai sabbin haihuwa, kimanin 2 cikin 100 SS ne. Da aka duba yaran da suka tasa, sai aka tarar kusan babu SS a cikinsu. Ba warkewa suka yi ba, ƙasa ta rufe su tun ba su yi wayo ba. Masu AS kuwa sun tashi daga kimanin 24 cikin 100 a jarirai zuwa 29 a waɗanda suka girma, domin zazzaɓi ya fi kashe 'yan'uwansu masu AA. Duk lokacin da na tuna waɗannan alƙaluma, iyayen matan ƙauyukan nan nake tunawa, waɗanda aka yi lissafi da 'ya'yansu.

Abin da Garki ta koya mana shi ne AS ba la'ana ba ce, garkuwa ce da ta tserar da zuriya a ƙasar sauro, shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yake ɗauke da ita. Matsala tana zuwa ne idan AS ya auri AS. Kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, kuma lissafin sabo ne fil a kowace haihuwa. Masu cewa "na huɗun ne ke fitowa da ita" sun yi kuskure: ana iya haifar uku a jere da ita, ana iya haifar takwas babu ko ɗaya. Auren zumunci yana ƙara kusantar da abin a gidan da gadon yake, amma da yawan masu AS a cikinmu, bare ma ba tabbas ba ne.

Samun gwaji abu ne guda, sanin yadda za a riƙe sakamakonsa abu ne daban. A farkon shekarun 1970 wasu jihohin Amurka suka wajabta gwajin sikila a kan baƙaƙen fata, ba tare da bayani ko rufin asiri ba. Aka ruɗe tsakanin mai AS da mai SS, mutane lafiyayyu suka rasa ayyuka, aka tsawwala musu kuɗin inshora, makarantar hafsoshin sojan sama ta ƙasar ta ƙi ɗaukar masu AS har zuwa 1981. Saudiyya ta bi wata hanya a 2004: ta wajabta gwaji kafin aure, a yi wa masu niyya nasiha, amma zaɓi ya rage nasu. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar Jihar Kano da ta wajabta gwajin nau'in jini da ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere kafin a ɗaura aure.

A can ƙetare kuma gwajin ya fita daga asibiti ya shiga kasuwa. Kamfanin 23andMe ya fara sayar da nasa a 2007 a kan dala 999: ka tofa yawu a kwalba, ka aika, a gaya maka asalin kakanninka da cututtukan da kake iya gada. Akwai amfani a ciki, wasu sun gano haɗari da wuri sun nemi likita. Amma a 2018 kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ya zuba dala miliyan 300 a kamfanin domin ya ci gajiyar bayanan masu saye. A 2023 ɓarayin intanet suka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 6.9, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya karye, mutane suka yi ta rububin goge bayanansu kafin a sayar. Lambar sirri idan an sace ana canza ta, ƙwayar halitta kuwa ba a canza ta. Kuma ba taka ba ce kai kaɗai: a 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani tsohon mai kisan kai ta hanyar bayanan da danginsa na nesa suka ɗora a intanet, shi bai taɓa yin gwajin ba. Nan gida ma an kafa 54gene a 2019 don tara ƙwayoyin halittar 'yan Afirka, ya tara dubban samfura, ya durƙushe a 2023. Mutanen Arewa da suka ga gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba su yi laifi ba idan suka tambayi ina za a kai jininsu.

Sai dai a Gusau ba ɓarawon intanet ne abin tsoro na farko ba. Abin tsoron shi ne takardar da ke bi hannu-hannu, daga mai gwaji zuwa kawu, daga kawu zuwa gwaggo, kafin magariba unguwa ta san cewa 'yar gidan wane "tana da sikila", alhali AS ce lafiyayya da za ta iya auren mai AA ba tare da fargabar haihuwar SS ba. Kuma galibi mace ce ke ɗaukar tambarin, namiji ya nemi wata.

Na biyu shi ne kuskuren gwaji, kuma a nan ne gida ke iya rushewa. Wani gwajin mai arha yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambance AS da SS. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ne zai ruɗa sakamakonsa. Akwai kuma nau'in C, wanda idan ya haɗu da S yakan ba da ciwo. Rukunin jini na A da B da O ma wani abu ne daban, bai shafi sikila ba. Idan miji yana riƙe da takardar AA sai aka haifi ɗa SS, zuciya takan yi saurin zargin matar, alhali tsohuwar takardar ce ta fi cancantar tuhuma. A sake gwada uba da uwa da ɗan a babban asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, kafin kowa ya furta kalmar da ba ta komawa baki.

Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya da na ƙwayoyin halitta cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana fitar da sirrin majiyyaci ba da yardarsa ba, sai a 'yan wurare da ta keɓe. Saboda haka mai gwaji ba shi da hurumin miƙa sakamakonka ga ɗan aike. Ya fi kyau a yi gwajin tun yara suna ƙanana, tun kafin zuciya ta kama wani, a maimaita a wuri na biyu, a karɓa hannu da hannu. Jaririn da aka gano yana da SS da wuri, aka ɗora shi a kan rigakafi da maganin kare zazzaɓi da gidan sauro da zuwa asibiti a kan kari, ba shi ne yaron Garki na 1975 ba. Irinsa a yau suna gama jami'a, suna aure, suna kai nasu 'ya'yan gwaji.