Jimmy Carter: Manomin Gyaɗan da Ya Yaƙi Kurkunu

Yaron da ya tashi a Gusau, Tsafe ko Bungudu a 'yan shekarun nan bai san kurkunu ba sai a bakin manya. Amma dattijon da ya yi noma a ƙauye shekaru arba'in da suka wuce, in ya naɗe ƙafar wando, mai yiwuwa ne ka ga tabo a idon sawunsa. Daga cikin waɗanda suka sa wannan cuta ta zama labari akwai wani Ba'amurke, Jimmy Carter, wanda mutanen ƙasarsa suka kayar a zaɓe bayan shekara huɗu kacal a kan mulki.

An haife shi ranar 1 ga Oktoba, 1924, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Plains a Jihar Jojiya. Ranar ta yi daidai da ta samun 'yancin Najeriya a 1960, kuma ita ce ranar da Janar Sani Abacha ya cire Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996. Ya gama makarantar sojan ruwa a 1946, ya yi aiki a jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku. Da mahaifinsa ya rasu a 1953, sai ya ajiye kaki ya koma gida ya rungumi gonar gyaɗa da cinikinta. Mutanen Gusau ba baƙin wannan sana'a ba ne, domin gyaɗa da auduga ne suka ja layin dogo daga Zariya ya ratsa garin har Ƙaura Namoda a 1929.

Daga majalisar dattawan jiharsa ya zama gwamnan Jojiya a 1971, inda ya fito fili ya ce zamanin nuna wa baƙar fata wariya ya wuce, maganar da ba kowane Bature ɗan kudancin ƙasar ke iya furtawa ba a lokacin. A 1976 Amurkawa na fama da takaicin abin kunyar da ya kori Richard Nixon daga mulki, suna neman wanda bai ɓata da siyasar Washington ba. Carter ya kayar da Shugaba Gerald Ford, aka rantsar da shi shugaban ƙasa a Janairun 1977.

Mulkinsa ya zo da gauraye. Shi ya zaunar da Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila a Camp David a 1978 har suka amince da sulhu, sulhun da ƙasashen Larabawa da dama suka ɗauka a matsayin yin watsi da Falasɗinawa. A ƙarshen Maris na shekarar ya sauka a Legas, baƙon Janar Olusegun Obasanjo, ziyarar aiki ta farko da wani shugaban Amurka ya kawo ƙasar nan. Ba zumunci kaɗai ya kawo shi ba: Amurka na sayen man Najeriya da yawa, ga kuma rikicin Rodeshiya da mulkin wariya a Afirka ta Kudu, inda muryar Najeriya ke da nauyi. A 1980 ya turo ɗan dambe Muhammad Ali ya lallashi ƙasashen Afirka su ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko. Amma Najeriya ta tura 'yan wasanta.

A gida Amurka kuwa tsadar kaya da ƙarancin mai sun sa shi gaba. Sai ga juyin juya halin Iran, inda ɗalibai suka tsare Amurkawa 52 na tsawon kwana 444. Ronald Reagan ya yi masa mummunan kaye a 1980. Ya koma Plains yana da shekara 56, ya tarar da kasuwancin gyaɗarsa cikin bashi.

A nan ne labarin da ya shafe mu ya fara. A 1982 shi da matarsa Rosalynn suka kafa Cibiyar Carter a Atlanta, a 1986 kuma cibiyar ta ɗaura yaƙi da kurkunu. A lokacin an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Da Najeriya ta kafa nata shirin a 1988, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, aka bi ƙauye-ƙauye aka ƙirga sama da mutum 650,000. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Ƙasar Sakkwato ta wancan lokaci na cikin inda cutar ta yi gida, kuma ko bayan an ƙirƙiro Zamfara an ci gaba da samun masu ita a jihar.

Wanda bai gani ba ba zai gane wahalar ba. Mutum zai sha ruwan kududdufi ko tafki, ya haɗiye wasu 'yan ƙananan ƙwari masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Shekara guda ba ya jin komai. Daga nan sai ƙafa ta yi bororo, tana zafi kamar an ɗora garwashi, sai farar tsutsa ta leƙo, wadda tsawonta kan kai mita guda. Ba allura, ba ƙwaya. Sai dai a sami ɗan tsinke a riƙa naɗe ta kaɗan-kaɗan kullum, mako da makonni, ana kaffa-kaffa kada ta tsinke, don in ta tsinke ƙafar kumbura take yi ta ruɓe. Mai ciwon kuma, don neman sanyi, sai ya tsoma ƙafar a tafkin da kowa ke sha, tsutsar ta zuba dubban 'ya'ya, a sake sabon lale. Mafi muni, a ƙasashenmu na arewa da damina take fitowa, daidai lokacin shuka da noman farko. Magidanci na kwance a zaure, ciyawa na cin gero. Manomi irin Carter ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da hakan ke nufi ga rumbu.

Makaman yaƙin ba su da wani kwarjini: ƙyallen tace ruwa da ake ɗaurewa a bakin tulu, ɗan bututu mai rariya da makiyayi ke ratayawa a wuya ya zuƙi ruwa da shi, maganin Abate da ake zubawa a tafki, rijiyar burtsatse inda aka samu hali, da 'yan sa-kai a kowane ƙauye masu rubuta sunan duk wanda ya kamu su hana shi shiga ruwa. Wuyar aikin ita ce shawo kan mutane su yarda cewa daga ruwa cutar take, ba sammu ba ce, ba kuma jijiya ce ta fito ba. A nan hakimai, dagatai da limamai suka yi abin da likita ba zai iya ba. Carter ya kuma jawo Janar Yakubu Gowon cikin tafiyar a ƙarshen shekarun 1990, shi kuwa ya riƙa bin ƙauyuka da gidajen gwamnoni yana matsa musu su haƙa rijiyoyi. A ganina dabarar Carter ke nan: ya san ƙofar da tsohon shugaba kaɗai ke iya ƙwanƙwasawa. Har tsagaita wuta ya samo a yaƙin Sudan a 1995 don ma'aikatan lafiya su shiga.

Ba ya tsoron faɗin abin da ba a so. Ya zo sa ido a zaɓen shugaban ƙasa na 1999, ya ce maguɗin da aka gani ya hana shi tabbatar da sakamakon, alhali abokinsa Obasanjo ne ya ci. Ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2002, a 2006 kuma ya fitar da littafin da ya kwatanta halin Falasɗinawa da mulkin wariya, ya sha zagi a ƙasarsa.

An ga mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya a Jihar Enugu a Nuwamban 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar a Disamban 2013, tare da Nijar. Da aka gano yana da ciwon daji a 2015, Carter ya ce burinsa tsutsar ƙarshe ta riga shi mutuwa. Bai samu ba, amma saura ƙiris: a 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duk duniya. Ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100.

Cutar na nan a Chadi, wadda muke iyaka da ita, har karnuka na ɗauke da ita. Kududdufan da suka raine ta ma suna nan, kuma dubban mutanen da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Tsafe, Bungudu da kewayen Gusau ba su da zaɓin ruwan da za su sha. Gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomi su gyara famfunan burtsatsen da suka lalace kafin damina ta sauka.