Yarjejeniyar Hana Kai Hari kan Cibiyoyin Nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan

Yarjejeniya ce da ƙasashen biyu suka ƙulla a Islamabad ranar 31 ga Disamba, 1988, a zamanin Firayim Minista Rajiv Gandhi na Indiya da takwararsa Benazir Bhutto ta Pakistan. Ta fara aiki a watan Janairun 1991. A cikinta kowace ƙasa ta ɗau alkawarin ba za ta kai hari kan cibiyoyin nukiliyar ɗayar ba, ba kuma za ta zuga wani ya kai ba.

Duk ranar 1 ga Janairu, jami'an diflomasiyya a New Delhi da Islamabad kan miƙa wa juna jerin cibiyoyin, kowace da bayanin inda take a taswira. An fara haka a 1992. Ƙasashen sun yi gwajin makaman nukiliya a watan Mayun 1998, sun gwabza yaƙi a Kargil a 1999, amma duk da haka ba a fasa musayar ba.

Sai dai yarjejeniyar tana da giɓi babba: babu masu bincike da ke zuwa su gani da ido, abin da kowa ya rubuta shi ake karɓa. A 2005 ƙasashen sun ƙara wata yarjejeniya, ta sanar da juna kafin gwajin makamai masu linzami.