Ma'ajiyar Saiti da Rigimar Lasisi

Duk wanda ya koyi kula da sabar a kan Unix, da /etc ya buɗe ido. Kowace manhaja da fayil ɗinta na rubutu zalla: ka buɗe da vi, ka gyara layi ɗaya, ka sake tayar da ita. Sai dai kowa da kiɗan da yake yi. Salon Apache daban, na Samba daban, shi kuwa sendmail.cf na Eric Allman ya kai intaha, har sai da aka koma amfani da m4 don ya riƙa rubuta wa mutane shi.

Microsoft ita ma da fayilolin rubutu ta fara, WIN.INI da SYSTEM.INI. A 1992 Windows 3.1 ta zo da Registry, ɗan ƙaramin rumbu. Zuwa Windows 95 ya zama ma'ajiyar kusan komai, cikin SYSTEM.DAT da USER.DAT. Mun sha yi masa dariya, domin in ya lalace kwamfuta ba ta tashi. Amma a gaskiya muna ɗan kishi: ƙofa ɗaya ce kowace manhaja ke bi ta karanta saitinta.

'Yan Linux sun yi ƙoƙarin samun irin wannan. GNOME ta yi GConf, ta maye gurbinsa da dconf a zamanin GNOME 3, cikin 2011, amma duk iyakarsu tebur ɗin mai amfani. Wanda ya nufi tsarin gaba ɗaya shi ne Avi Alkalay, ɗan Brazil, da ya fara Linux Registry a 2004. Sunan bai yi farin jini ba, aka mayar da shi Elektra.

Abin da na waje ba sa lura da shi shi ne, fayil ɗin rubutu ba ya neman izinin kowa. Rumbu kuwa sai da laburaren da kowace manhaja za ta haɗa a jikinta, laburare kuma yana da lasisi. In GPL ne, duk manhajar da ta haɗa shi aka kuma rarraba ta, dole ta bi GPL. Ba tatsuniya ba ce: a 1992 haka CLISP ta koma GPL saboda ta dogara da laburaren Readline. Kamfanin da ke sayar da rufaffiyar manhaja ba zai ko kusanci irin wannan laburare ba, ma'ajiyar bai-ɗaya da rabin jama'a suka ƙaurace wa kuwa ba ta da amfani. Elektra ta ɗauki lasisin BSD, ta yarda wani ya kwashi aikin ya rufe bai mayar da komai ba. A ganina daidai ta yi, ko da yake hakan bai sa duniya ta rungume ta ba. /etc na nan daram.

A batun lasisi, rumbun Berkeley DB ne ya fi ba mu ciwon kai. Shekara da shekaru RPM, OpenLDAP da Postfix sun yi ta ajiya a cikinsa. Oracle ta sayi Sleepycat, kamfanin da ya mallake shi, a 2006, sannan a 2013 ta mayar da sabuwar fitowa ta 6 ƙarƙashin AGPL, lasisin da bai jitu da na manhajoji da dama ba. Masu rarraba Linux suka cije a kan 5.3, suna ta lallaɓa tsohuwar lamba. OpenLDAP ta riga ta gina LMDB nata. RPM kuwa sai a 2020, a Fedora 33, ta kwashe kundinta zuwa SQLite na Richard Hipp, wanda tun 2001 ya sallama wa jama'a haƙƙin mallakarsa.