Cutar Leftosfirosis a Jikin Raƙuma da Haɗarinta ga Mutane

Leftosfirosis cuta ce da ke kama dabbobi da mutane. Wata ƙwayar cuta siririya mai murɗaɗɗen jiki, mai suna Leftosfira, ita ke kawo ta. Wani likita ɗan ƙasar Jamus, Adolf Weil, ya bayyana irin ta mai tsanani a 1886. A 1915 masana a Japan suka gano ƙwayar. An ƙiyasta cewa tana kama kusan mutum miliyan 1 a duniya kowace shekara, kusan 60,000 kuma suna mutuwa.

Yadda take yaɗuwa

Ƙwayar tana zama a cikin ƙodar dabba, tana fita tare da fitsari. Ɓera da gafiya su ne manyan masu ɗauke da ita, amma shanu, aladu da karnuka ma suna yaɗa ta. Zafin rana da fari suna kashe ta, amma a cikin laka ko ruwan da ke kwance takan rayu makonni. Mun san raƙumi da rairayin hamada, sai mu ɗauka cutar ruwa ba ta shafe shi ba. To, amma da damina, tafki ɗaya raƙuma da shanu da tumaki suke sha, a nan kuma yaranmu suke wanka. A mashaya ake haɗuwa da cutar.

Alamu a jikin raƙumi

Gwajin jini a ƙasashe kamar Masar, Sudan da Iran ya nuna raƙuma suna kamuwa. Sau da yawa raƙumin ba ya nuna komai, yana cin abincinsa, yana jan garma. Wannan shi ne haɗarin, domin ana iya saye da sayar da shi ba a sani ba. In alamu suka fito, akan ga zazzaɓi, ƙin cin abinci, ko jan fitsari. Taguwa kuma tana iya yin ɓari ko nononta ya ragu.

Alamu a jikin mutum

Ƙwayar tana shiga ta rauni, ko ta ido, hanci da baki. Bayan kwana 5 zuwa 14, galibi, sai zazzaɓi, ciwon kai, jan ido da ciwon tsoka, musamman a sha-raɓa. Mukan ɗauka maleriya ce ko taifod. In ta yi tsanani takan kawo shawara, ta lalata ƙoda, har huhu ya zubar da jini. Makiyaya, mahauta, masu noman shinkafa da masu kamun kifi sun fi shiga haɗari.

Abin da ya kamata mu yi

Mu ware wurin shan dabbobi daga inda muke ɗiban ruwa. Mu tafasa ruwa da madara, mu rufe abinci, mu yaƙi ɓeraye a rumbu. Kada mu taɓa ɗan da aka ɓarar ko mahaifa da hannu kawai. Mu sa safar roba, mu binne su, mu kira likitan dabbobi. Fitsarin raƙumi kuwa, wanda wasu ke sha don magani, hanya ce ta kai tsaye ga wannan ƙwaya.

'Yan'uwa, cutar tana jin magani irin su fenisilin da doksisaikilin in an fara da wuri. Idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, mu tafi asibiti, mu faɗa wa likita cewa mun yi aiki da dabbobi ko mun shiga ruwan ambaliya. Wannan 'yar magana tana iya ceton rai.