John Adams da Sulhun Faransa

Sa'ad da George Washington ya sauka daga shugabancin Amurka cikin shekara ta 1797, bayan ya yi shekara takwas yana mulki, mataimakinsa John Adams shi ya gaje shi. Shi Adams lauya ne, mai ilmi da riƙon gaskiya, amma ga shi da saurin fushi, bai kuwa iya lallashin mutane ba. Da ƙyar ya ci zaɓe, gama ya sami ƙuri'a 71 ta wakilan jihohi, Thomas Jefferson ya sami 68. Bisa ga dokar wannan zamani, wanda ya zo na biyu shi ke zama mataimaki. Sai ga shugaba daga wata jam'iyya, mataimakinsa daga wata.

A lokacin nan Ingila da Faransa suna yaƙi da juna tun 1793. Jam'iyyar Adams, watau ta masu son gwamnatin tarayya ta yi ƙarfi, ta fi karkata ga Ingila. Ta Jefferson kuwa ta fi son Faransa, wadda ta taimaki Amurka a yaƙin neman 'yanci. Faransawa suka ji haushin wata yarjejeniya da Amurka ta ƙulla da Ingila cikin 1794, suka shiga kama jiragen ruwanta na fatauci, har suka kama fiye da 300.

Adams ya aiki jakadu uku zuwa Faris su nemi shiri. Da suka isa, ministan harkokin waje na Faransa, Talleyrand, ya ƙi zama da su. Sai ya turo musu wasu mutane a ɓoye, suka ce sai an ba shi toshiyar baki ta fam 50,000, an kuma ba Faransa rance, kafin a fara magana. Jakadun suka ƙi. Cikin 1798 aka buga wasiƙunsu kowa ya karanta, amma aka sakaya sunayen manzannin nan da haruffan X, Y da Z.

Nan fa ƙasa ta ɗauki zafi, ko'ina sai maganar yaƙi. Aka kafa ma'aikatar sojan ruwa, jiragen ƙasashen biyu suka riƙa fafatawa a teku, ko da yake ba a yi shelar yaƙi ba. Aka ƙara yawan soja, aka mai da Washington shugabansu, Alexander Hamilton na biye da shi. Adams bai taɓa samun farin jini irin na wannan shekara ba.

A cikin zafin nan ne ya yi babban kuskurensa. Ya sa hannu a kan wasu dokoki da suka tsananta wa baƙi, suka kuma hana a soki gwamnati da abin da aka ce ƙarya ne. Aka ɗaure masu jaridu da dama. Wani ɗan Majalisa, Matthew Lyon, aka ɗaure shi wata huɗu, aka ci shi tarar dala 1,000, amma mutanensa suka sake zaɓensa yana kurkuku.

To, manyan jam'iyyar Adams sun ga yaƙi shi zai tabbatar musu da mulki. Shi kuwa ya san ƙasar sabuwa ce, ba ta da kuɗi, jama'a kuma sun fara kuka da haraji. Da ya sami labari Faransa za ta karɓi jakada da mutunci, sai cikin watan Fabrairu 1799 ya aika wa Majalisa da sunan wanda zai je, bai ko shawarci ministocinsa ba. Suka yi ta jan ƙafa, har cikin Mayu 1800 ya rabu da biyu daga cikinsu. Hamilton ya rubuta doguwar takarda yana cewa Adams bai cancanci mulki ba. Jam'iyya ta rabu biyu.

Ran 30 ga Satumba 1800 aka sa hannu a kan sulhu da gwamnatin Napoleon. Amma a zamanin jirgin iska labari yakan yi makonni kafin ya ƙetare teku, saboda haka bai iso da wurin da zai amfani Adams ba. Ya sami ƙuri'a 65, Jefferson ya sami 73. Ran 4 ga Maris 1801, tun da asuba, Adams ya shiga keken doki ya nufi garinsu, bai tsaya ganin rantsar da magajinsa ba. Ransa a ɓace yake, amma bai yi gardama ba. Wannan ne karo na farko da mulkin Amurka ya fita daga hannun wata jam'iyya zuwa wata, ba a kuwa zub da jini ba.

Shekara biyu bayan haka, cikin 1803, Jefferson ya sayi ƙasar Luwiziyana daga Faransa, Amurka ta ninka girmanta. Da wuya wannan ciniki ya yiwu da a ce ana yaƙi. Adams kuwa, da ya tsufa, ya rubuta wa wani cewa ba ya son a rubuta kome a kan kabarinsa sai dai shi ne ya ɗauki nauyin sulhu da Faransa. Ya rasu ran 4 ga Yuli 1826, yana da shekara 90, rana ɗaya da Jefferson. Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Adams ya yarda da haka, ya kuwa biya da kujerarsa.